Apakuki da Baƙonsa Mai Hayaƙi

A ƙauyenmu na Namatasawa, idan hadari ya taso daga teku, mata suka fara kwashe shanya, sai ka ji wani ya ɗaga murya ya ce, "A gaya wa Apakuki ya shigo da baƙonsa!" Har yaran da ba su yi wayo ba lokacin da abin ya faru sun iya faɗa. Ga asalin maganar.

Wata Asabar ce da rana, 'yan wasan zari-ruga na ƙasarmu sun kai wasan ƙarshe, duk wani namiji mai ƙafa ya hallara a zauren gari gaban talabijin. An dama yangona, jiƙon saiwar nan tamu mai kashe jiki, a babban akushi, ƙoƙon kwakwa yana zagayawa, janareta yana ruri a waje gindin mangwaro. Ana shirin busa usur sai ruwa ya kece. Apakuki, mai kula da injin, ya zabura kamar an ce gidansa ya kama da wuta. Kafin mu ankara ya turo janaretan har cikin zaure, ya shimfiɗa masa tabarma a kusurwa, ya bi tagogi yana rufewa don kada feshi ya taɓa shi.

Kawu Setareki, mai garinmu, ya ce, "Kai, wannan ƙarar fa?"

Apakuki ya ce, "Kawu, daga Ostareliya fa ya zo. A gidan wa aka taɓa barin baƙo cikin ruwa?"

Maganar ta yi kama da tarbiyya. Aka ƙara wa talabijin murya.

Ba a kai hutun rabin lokaci ba kawunanmu suka fara nauyi. Wani ya ce, "Wa ya dama yangonar yau? Hannunsa da ƙarfi." Wanda ya dama ya yi murmushi, ya karɓi yabo, ya kife. Fasto Nemani ya ce bari ya ɗan jingina ya yi wa yaranmu addu'a, ya jingina, addu'ar ba ta fito ba. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne ƙwallo tana sama, ina jiran ta sauko.

Salanieta, matar Apakuki, ita ta kawo mana shayi. Ta ce abin da ya tsorata ta tun daga nesa shi ne shirun: zaure cike da maza, ana wasan ƙarshe, babu mai zagin alƙalin wasa. Ta banka ƙofa, ta kashe injin, ta ƙwala wa mata kira. Da ƙafa suka riƙa jawo mu, babba da yaro, suna zubarwa a ciyawa cikin ruwa. Nan muka farfaɗo, kowa ya dafe kai yana amai, mai gari a gefen mai dama yangona, babu sauran girma. Nas ɗin da ta zo a kwalekwale daga ƙauyen gaba ta duba mu, ta ba da umarni a kai mutum biyu asibiti, sannan ta ce abin da ke kisa a hayaƙin inji ba shi da wari, ba shi da launi, mutum yana zaune zai tafi. Ta ce da shayin Sala ya ƙara jinkiri, da sai haƙan kaburbura, ga shi duk masu haƙan suna ciki.

Ina da ikon faɗin duk wannan, da wanda ya fi shi ma, domin uwar Apakuki ƙanwar ubana ce. Tavalena ne, taubashi, raina shi haƙƙina ne tun ranar da aka haife shi, kuma Allah ya sani bai taɓa barina na rasa abin rainawa ba.

Yana saurayi ya sami aiki a jirgin ruwan da ke jigila tsakanin birnin Suva da tsibirai. Aikinsa ferar rogo da wanke tukwane. Sai dai gadonsa yana jikin bangon ɗakin inji, shekaru yana kwana da ƙara a kunnen hagu har kunnen ya mutu. Da ya dawo gida ya zo da abu uku: mataccen kunne, da wata rigar aiki mai tabon baƙin mai wadda mai ita ya yar, da sunan Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa babu shaida. Rediyon Fasto ya fara gyarawa. Har yau tana nan, kaji ke ƙwai a cikinta. Daga nan ya koma kan injin kwalekwalen surukinsa, ya kwance shi tas, ya ɗaure, kusoshi suka rage cike da ƙoƙo, ya ce ai Turawa dama sukan sa na ado. Gonar gwazarsa kuwa, sai ka san iyakarta kafin ka ce gona ce. Sala ke kamun kifi, Sala ke saƙa tabarmi, Sala ke ciyar da shi da 'yarsu Litia, shi yana zaune a inuwa yana yi wa duk kwalekwalen da ya wuce bayanin ciwon da ke damun injinsa.

Shekarar da guguwa ta kwashe mana rufin gidaje, samarinmu da ke tsinkar 'ya'yan itace a Ostareliya suka haɗu suka aiko wa gari da janareta. Ranar da aka buɗe kwalin, Apakuki ya fito cikin rigar nan mai tabo, ya zagaya injin, ya durƙusa ya kanga masa kunne, mataccen kuma, ya ɗago ya ce, "Na san danginsa." Babu wani a cikinmu da ya san ko maƙwabcinsa, sai aka ba shi makulli.

Wannan makullin shi ne duk abin da Apakuki ya taɓa mallaka a duniya. Ya tufka masa igiyar ɓawon kwakwa ya rataya a wuya. Da shi yake wanka, da shi yake zuwa coci, a saman nakatayi don kada wani ya kasa gani. Mutumin da a da ake ba shi ƙoƙon yangona bayan kowa, ga shi yanzu ana matsa masa wuri kusa da dattawa. Idan ya doso sai mata su ce, "Injiniya, yau za a ba mu wuta?" Shi kuma ya dubi sama, ya yi nazari, kamar daga can ake aiko masa da ita.

A iliminsa, inji mutum ne mai zuciya. Akwai wata dabara a jikin janaretan da ke kashe shi idan baƙin mai ya yi ƙasa, don kada ya cinye kansa. Ranar da ta fara aiki, Apakuki ya ce fushi yake yi, an yi maganarsa a bayan ido. Wuni guda ya yi yana lallashi. Wata rana kuma ya ga ba ladabi ba ne a katse wa mai aiki aikinsa don a ba shi abinci, sai ya ɗura masa fetur yana tafe da zafinsa. Girarsa ta hagu ba ta sake tsirowa daidai ba. Idan yana magana sai ka ga rabin fuskarsa yana mamakin abin da ɗaya rabin ke faɗa.

Bayan abin da ya faru a zaure, ya ɗauko saiwar yangona ya je gaban dattawa neman gafara, ya zauna can ƙasa, ya sunkuyar da kai, hannunsa ɗaya a kan makulli. Wanda ya zo da saiwa ba a korarsa. Kawu Setareki ya karɓa ya tafa hannu, sannan ya ce, "An yafe, ɗana. Amma sau ɗaya ake yafe wa mutum kashe gari. Ka sake yi mana wata, makullin nan ya bar wuyanka."

Aka yi wa injin rumfa mai rufi babu bango, can bayan gidaje inda iska ke kwasar hayaƙi ta yi teku da shi. Wani mai gyaran wuta da ya zo aiki makarantar firamare ya kafa ƙarfe a ƙasa ya ɗaura masa waya daga jikin injin, sannan ya zaunar da Apakuki. Ya nuna masa lambar da ke jikin injin ya ce ita ce iyakar kayan da zai iya ɗauka. Ya ce firiza idan za ta tashi takan fizgi ninkin abin da take ci, dutsen guga ɗaya kuwa ya fi duk fitilun garin nan ci. Ya nuna masa wani ɗan jan maɓalli ya ce, "Idan kaya suka yi yawa wannan zai fito ya yanke wuta. Ka rage kaya, ka bari ya huce, sannan ka mayar da shi." Apakuki yana ta gyaɗa kai. Ina wurin, na ga ɓangaren da ya juya wa mutumin: kunnen hagu. Sala ce dai, da ke zuba musu shayi, ta ji da kunne biyu.

An yi watanni lafiya. Sai lokacin fitar makokin mahaifiyar Kawu Setareki ya zo. Dangi za su taho daga Suva da Lautoka, jirgi guda. Maza suka yi mako suna teku, aka yanka aladu, aka cika firiza biyu har murfi na ƙin rufuwa. Kawu ya kira Apakuki a gaban jama'a ya ce, "Firiza da fitilun zaure. Ka ji? Juyo ɗaya kunnen. Firiza da fitilun zaure, shi ke nan."

Ana saura kwana biyu, da hantsi, na je rumfar injin na tarar da shi zaune a kan jarka yana goge makulli. Muna nan sai ga Gwaggo Vasemaca, yayar mahaifinsa, tsohuwar da ko mai gari ba ya wucewa ta gabanta a tsaye. Dutsen guga a hannu, rigar biki a kafaɗa. Ta zauna a ciyawa, ta tafa hannu a hankali.

"Kerekere, ɗana. Rigar nan kawai. Ko so kake mutanen Suva su ce gwaggon Injiniya ta fito kamar an tauna ta?"

Apakuki ya dube ni. Na dubi teku.

"Gwaggo, Kawu ya ce..."

"Setareki? Ni na goya Setareki. Ya yi mini fitsari a baya. Kai ma ka yi. Ina ramin abin?"

Ya karɓa ya soka.

To, a garinmu idan ɗan'uwa ya zauna ƙasa ya ce kerekere, kalmarmu ta roƙon zumunci, magana ta ƙare, sai ka ba shi, ko rigar jikinka ce. Kuma labarin wanda aka ba ya fi kwalekwale gudu. Kafin rigar Gwaggo ta miƙe, matar Fasto ta aiko da butar lantarki, wai mawaƙan coci maƙogwaronsu ya bushe. Wata ta kawo nata dutsen gugar, ta ce ai ita ma gwaggo ce ta wajen uwa. Samari suka jawo manyan lasifikoki za su gwada. Mai aski ya zo da injinsa. Aka jona doguwar waya mai bakuna, aka jona wata a bakinta, aka jona wata a bakin waccan, duk suna kwance a jiƙaƙƙiyar ciyawa kamar saiwar kabewa. Kowa da kerekerensa, kowa abu ɗaya tak. Apakuki yana tsaye a tsakiya yana rabon wuta kamar mai rabon nama, ana ta "Allah ya ja kwana, Injiniya," fuska ta cika da haƙora.

Muryar injin ta canza, ya fara nishi. Sai ƙas, jan maɓallin ya fito, komai ya ɗauke.

Ya danna shi. Wuta ta dawo, firiza biyu suka yunƙura tare, ƙas. Ya sake dannawa. Ƙas.

Daga ciyawa Gwaggo ta ce, "Ɗana, dutsen ya huce. Hannun riga ɗaya ya rage."

Na ce, "Tavale, cewa yake kayan sun yi masa yawa."

"Kai kuma yaushe ka fara jin yaren inji? Kai da ko keke ba ka iya ba."

"Mutumin nan ya ce a rage kaya."

"A rage na wa? Tashi ka je ka gaya wa Gwaggo ta cire. Tashi mana, ga ta nan."

Ban tashi ba. Ya tsaya yana kallon maɓallin, ransa a ɓace, ya ce, "Wannan ɗan abin ba shi da tarbiyya. A garin nan wa ya taɓa ce wa Gwaggo a'a? Sai shi, ɗan jiya?"

Ya ɗauko sukuddireba, ya kashe injin, ya kwance murfin, ya cire wayoyi biyun da ke bayan maɓallin ya murɗe su wuri ɗaya. Ya tayar. Wuta ta zo ta zauna. Jama'a suka tafa, wata ta rangaɗa guɗa. Ya juyo ya dube ni da girar nan guda ɗaya da rabi.

"Ka gani? Magana kawai yake so a yi masa."

Gwaggo ta gama rigarta, ta gode, ta tura a kawo zannuwan jikokinta.

Wari muka fara ji, irin na roba a murhu. Wayar farko ta yi laushi, tana hayaƙi a ciyawa, wani kare da ya taka kusa da ita ya yi ƙara ya bar unguwar. Sai wani baƙin hayaƙi ya fito daga cikin injin, lasifikoki suka yi gum. Abin takaicin, injin bai mutu ba. Yana ta ruri da ƙarfinsa, har ya fi ɗazu sakewa, amma ko fitilar tocila ba zai kunna ba. Naɗin wayar da ke cikinsa, inda wutar ke fitowa, ya ƙone ƙurmus.

Masu kerekere suka zare kayansu ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Ban taɓa ganin taro ya watse da ladabi haka ba. Apakuki ya kashe injin, ya kanga masa kunne, mai ji ɗin wannan karon.

Sala ta iso, hannunta duk ƙayar kifi. Ta dubi murfin da ke ƙasa, ta dubi wayoyin da aka murɗe.

"Baban Litia, me ka yi?"

"Yana hutawa ne."

"Kifin da ke firiza ma hutawa zai yi?"

Ba ta jira amsa ba. Ta bi gida gida, ta zauna a ƙofar duk wanda ya soka wani abu ranar, ta tafa hannu ta ce kerekere. Daga wannan itace, daga wancan ganyen ayaba, daga samarin lasifika ƙarfin haƙa rami. Gwaggo Vasemaca da kanta, da gogaggiyar rigarta a rataye, ta wuni tana ɓare kifi. Aka haƙa ramukan gashi, aka ƙona duwatsu, aka kafa ragaya aka yi ta banda har gari ya turnuƙe. Abin da aka ceta an ceta. Na ƙasan firiza ɗaya, da aka makara a kansa, karnuka suka yi biki da shi.

Baƙi suka zo suka ci bandar kifi da naman da aka ɗumama, a hasken fitilar kwai. Mutanen Suva suka ce abin ya tuna musu da ƙuruciya, wanda duk mai hankali ya san zagi ne. Kawu Setareki ya haɗiye, ya yi murmushi, har jirginsu ya ɓace a bayan tsibiri. Sannan ya sa aka buga ganga.

Apakuki ya zo da saiwar yangona, wadda ta fi ta farko girma. Kawu ya karɓa, ya tafa, ya ce an yafe. Sai ya miƙa hannu. Apakuki ya yi kamar ta kunnen hagu aka yi maganar, alhali babu wanda ya ce komai. Hannun dai bai sauka ba. Da ya ga haka, ya cire igiyar a hankali, ta maƙale masa a kunne, ya ɓata lokaci yana warwarewa. A inda ta saba kwanciya a wuyansa fatar ta yi wani farin zobe. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, na ga bari dai sai gobe.

Kawu ya ce, "Wa zai riƙe?"

Dattawa suka yi ta kallon tabarma. Duk cikinsu babu wanda bai san Gwaggo Vasemaca ba. Daga bayan zaure, inda mata ke zama, wata ta ce, "Ku ba wadda ta jawo ku da ƙafa."

Injin ya yi wata biyu a Suva, aka sake masa naɗi, aka sa sabon maɓalli. Sala ba ta rataya makullin a wuya ba, cikin gwangwanin shayi take jefa shi. Mun zuba ido mu ga ranar da za ta ce wa Gwaggo a'a. Ba ta taɓa cewa ba. Da tsohuwar ta zo da dutsen gugarta ana tsakiyar sanyaya kifi, Sala ta karɓa hannu biyu ta soka. Ƙas.

"Wayyo Gwaggo, kin gani, ya ƙi. Ni da son raina ne ki goge har labule. Bari firiza su gama, in cire su, in aiko a kira ki."

Gwaggo ta harari maɓallin, ta ce mutanen Ostareliya ba su iya renon 'ya'ya ba, ta tafi. Da yamma aka kira ta ta yi gugarta ita kaɗai. Tun daga nan duk mai kerekere da maɓallin yake yi, ba da Sala ba, kuma har yau ba a sami wanda ya yi gaba da shi ba.

Apakuki bai rabu da injin ɗungurungum ba. Batirin tayarwa ya mutu tuni, igiya ake ja, kafaɗar Sala kuwa ba ta so. Don haka kullum da yamma sai ka ji ta daga rumfa: "Baban Litia, zo ka ja." Ya sa rigarsa mai tabo, ya taho yana taku, ya ja, injin ya tashi, ta ce, "To, matsa." Ya matsa. Idan baƙi suka zo yakan gaya musu an ƙara masa girma ne, yanzu yana da ma'aikaciya. Ƙoƙon yangona kuwa ya koma same shi inda ya saba, bayan kowa.

Makon jiya muna zaure, akushi a tsakiya, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga teku. Na leƙa taga na ce, "Tavale, ruwa fa zai sauko. Ba za ka shigo da baƙon naka ba? Ga tabarma."

Zaure ya ɗauki dariya, har Fasto Nemani yana share hawaye. Ƙoƙo ya zagaya har ya iso ga Apakuki. Ya tafa, ya shanye, ya goge baki.

"Ku yi ta yi, marasa godiya. Wasan nan kun manta yadda ya ƙare? Kashi aka ba mu, na fitar hankali. Ranar duk ƙasar nan kuka aka yi. Garinmu kaɗai aka yi barci."